Matar da Ta Rungume Kwalin Sabulu

A kujerar da ke gabana cikin bas akwai wata mata, guntayen zare manne a kafaɗar rigarta, ta rungume kwalin sabulu kamar jaririn da aka ba ta amana. An naɗe shi da salatif, har tsagar da ke samansa an liƙe.

"Inna, kawo kayan nan a sa a baya," in ji direba.

"Ba kaya ba ne, ɗana. Ƙuri'un ma'aikatan kamfanin ɗinkinmu ne. In ya bar cinyata kafin ofishin ƙungiya, zaɓe ya ɓaci."

Direba ya kalli kwalin, bai ga alamar mulki a jikinsa ba, ya ja mota.

Ina zaton ta daɗe tana yi wa manaja gardama kan fanka da hutun cin abinci, don muryarta irin mai tsallake ƙarar keken ɗinki ce. Ruwa ya fara shigowa ta taga. Ta yaye mayafinta ta lulluɓe dimokuraɗiyya, ita tana jiƙewa.

Dattijon da ke gefenta ya ce, "Ke ma kina takara?"

"Ina yi, Baba."

"To, Allah Ya ba ki."

Ta yi dariya har kwalin yana rawa. "Ai na faɗi. Gaisuwar da suka yi mini yau ta yi yawa. Amma da aka zo kan wa zai ɗauki kwali, har abokin takarata ni ya nuna."

Ta gyara wa kwalin zama, ta ce direba ya bi ramuka a hankali.