Shuɗiyar Wayar Maman Gift

Ina cikin takaba na fara sanin halin Maman Gift. Ran nan na yi wanki na shanya a tsakar gida, sai zazzaɓi ya kwantar da ni, ban san hadari ya haɗu ba. Da na farka ruwa ya riga ya sauka. Na ce shi ke nan, kaya sun jiƙe. Ina leƙowa sai na tarar da su a baranda, a bushe, a ninke cikin baho. Sallayata kuwa ba ta cikin bahon. An naɗe ta daban a wani ɗankwali mai tsabta, an ɗora a kan kujera. Na gane ɗankwalin, na maƙwabciyata ne. Matar nan coci take zuwa, amma ta lura ba na haɗa sallaya da sauran kaya. Da na mayar mata ina godiya, cewa kawai ta yi, "Mama, yaya jikin?"

Sunanta Paulina, Gift sunan babbar 'yarta ce. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Gwallameji. Daga ƙasar Bogoro ta zo Bauchi tana budurwa, ta zauna wurin gwaggonta, ta koyi buga tafireta a wani shago. Da kwamfuta ta shigo, mai shagon ya sayi guda biyu. Duk wadda ta lalace sai a yi ta jiran mai gyara, shi kuma ba ya zuwa sai ya ga dama. In ya zo, Paulina na tsaye a bayansa tana kallon hannunsa. Wata rana ta gaji da jira ta buɗe ɗaya da kanta. Ta ce mini, "Mama, hayaƙi ta yi. Na fita waje na yi kuka, na dawo na buɗe ta biyun." Yanzu tana da nata shagon gyara a kasuwar Wunti, can cikin lungu, ɗaki ne ƙarami da ko taga babu. Mijinta Godfrey malamin firamare ne, shi ke sauke ta a mashin kafin ya wuce.

Tana da wata ɗabi'a da ke ba masu sauri haushi. Ba ta yarda ta ba ka wani abu na kwamfuta sai ta ga kwamfutar da idonta. Ko rantsuwa ka yi ka san irinta, sai ta ce je ka ɗauko.

Kwamfutarmu ta marigayi Malam Mansir ce, mijina, Allah Ya jiƙansa. Ya saye ta ne lokacin da ofishinsu ya sayar da tsofaffin kaya. Siririya ce, a kwance take a kan tebur kamar ƙaramin akwati. Bayan rasuwarsa na rufe ta da zane, sai da 'yarmu Ummi ta gama makaranta ta buɗe ta. Ummi ta daɗe a gida babu aiki. Ba ta ƙorafi, amma ni ina ganin yadda ta daina zuwa bukukuwan ƙawayenta don gudun tambaya. Sai ga wani kamfani na neman masu sauraron magana da Hausa su rubuta ta, daga gida. Matsalar ita ce sabis a lungunmu ba shi da tabbas. Maman Gift na jin haka ta jawo wata doguwar shuɗiyar waya daga akwatin intanet ɗinta, ta bi da ita ta saman katanga, ta shigo ta tagarmu, ta soka a bayan kwamfutar. Ummi ta yi ta koyo da ita har kamfanin ya sa mata ranar gwaji, Litinin da safe. Sun gaya mata ƙarara: da kwamfuta za a yi, kuma in intanet ya yanke tana tsakiyar gwajin, an wuce da ita, akwai wasu a layi.

Ranar Juma'a da la'asar aka yi tsawa. Ni dai tun Malam na da rai, da zarar na ga hadari nake bi ɗaki ɗaki ina cire fulogi: firji, talabijin, kwamfuta. Haka na yi ranar ma. Babu wanda ya kawo shuɗiyar wayar a ransa, tunda ba ta wuta ba ce. Bayan ruwa ya ɗauke Ummi ta kunna, komai ya tashi lafiya, amma intanet babu. Maman Gift ta shigo ta duƙa a bayan teburin ta shinshina. Ta ce tsawar ta biyo waya ta ƙona ramin da ake soka ta, har rami ɗaya na akwatinta ya tafi. Ummi ta zauna a bakin gado.

"Ke, tashi," in ji Maman Gift. "Ba mutuwa ta yi ba, kunne ɗaya ne ya toshe. Za mu sa mata wani. Amma gobe ne kawai muke da shi, Lahadi masu kayan duk suna coci, har da ni."

Da safe muka naɗe kwamfutar a zane muka hau keke napep. Ni na riƙe ta a cinya har Wunti, don ban yarda a sa kayan Malam a ƙasa ba. Maman Gift ba ta ajiye irin wannan kaya, sai ta kai mu wurin wani mai sayarwa, Anayo, da ke saman bene. Yana ganinta ya miƙe.

"Madam Injiniya! Yau kuma wa za ki hana ni ciniki da shi? Sannu Hajiya, zauna nan."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a kasuwa ba a gardamar wannan. Na zauna.

Ya fito da abu uku ya jera. Na farko ɗan ƙarami ne mai guntun wutsiya, ana soka shi daga waje a ramin da ake sa filashi, sai a soka shuɗiyar wayar a jikinsa. Ba sai an buɗe kwamfuta ba. Ummi ta so shi nan take, ni ma haka, don ba na son a kwance kayan Malam. Na biyu kati ne da ake dasawa a ciki, a babban kwali mai ƙyalli. Na uku ma kati ne, ƙarami, a kwali maras ado.

Anayo ya ɗaga mai ƙyallin. "Wannan gudu yake kamar jirgi. Yarinya za ta gama aiki kafin ta zauna."

"Intanet ɗin gidana ne za ta sha," in ji Maman Gift, "na san ƙarfinsa. Famfo na ɗiga, kai kana so ka sayar mana da tanki. Ajiye jirginka."

Aka jona kwamfutar a teburinsa, aka soka ɗan ƙaramin. Wata koriyar fitila ta kama, intanet ya zo. Ummi ta yi murmushin da na kwana biyu ban gani ba. Sai Maman Gift ta kama gefen teburin ta girgiza shi. Fitilar ta mutu. Ta taɓa, ta dawo. Ta sake girgizawa, ta sake mutuwa.

"Haba Madam!" in ji Anayo. "Wa ke girgiza tebur yana aiki? Girgizar ƙasa ake yi a Gwallameji?"

"Teburinsu ƙafa ɗaya ta fi guntu. Ita kuma wannan," ta nuna Ummi, "in hankalinta ya tashi kaɗa ƙafa take yi. Kalle ta yanzu ma."

Muka duba. Ƙafar Ummi na rawa. Ta dafe gwiwa tana dariya, kunya ta kama ta. Maman Gift ta ce abin kansa lafiyarsa ƙalau, ramukan kwamfutar ne suka tsufa suka saki. A wata kwamfutar da shi za ta zaɓa, a wannan kuwa a'a. Ta juyo gare ni. "Mama, sai an buɗe. Kin yarda?" Na yi bisimilla a zuci na ce ta buɗe. Kafin ta taɓa komai sai da ta shimfiɗa zanen, ta jera sukurorin a murfin kwalba.

Ƙaramin katin ya dace da gurbinsa a ciki. Amma akwai wani ƙarfe a bakinsa da ake ɗaure shi da jikin kwamfuta, ƙarfen kuwa ya yi tsawo, na manyan kwamfutoci ne masu tsayuwa. Murfin ya ƙi rufuwa.

"A cire ƙarfen a bar shi haka," in ji Anayo. "Ko a bar murfin a buɗe, iska ma ta shiga."

"Ɓera ma ya shiga. In ba ƙarfe, ranar da aka ja waya katin zai biyo ta. Ina guntun? Kowane kwali da gajeren ƙarfe yake zuwa."

Anayo ya sosa kai. Ya ce gaskiya yana cire su, ba mai tambaya, sai yanke wa mutane hannu. Ya shiga ciki ya jawo wani bokitin fenti cike da tarkacen ƙarafa, na shekara da shekaru. Ya ce in yana nan, to a nan yake.

Azahar ta kusa. Muka juye bokitin a kan kwali muka zauna a ƙasa mu uku, muna tsinta kamar masu tsince wake. Maman Gift ta ba kowa umarni: gajere, mai rami ɗaya mai kusurwa huɗu, da kunnuwa biyu na sukuru. Muka samu da yawa, amma wannan raminsa ya yi sama, wancan kunnuwansa sun yi nisa. Masu ciniki na shigowa suna tsallake mu. Anayo na ce musu, "Kada ku damu, ma'aikatana ne, sababbi." Na tashi na yi salla a bayan kantar shagon, a kan kwalin da Anayo ya shimfiɗa mini, na dawo na tarar har shi ya durƙusa yana tonawa. Shi ne ma ya samo. Ya ɗaga shi sama yana ihu kamar ya tsinci zinariya.

Ta ɗaure, murfi ya rufu, fitila ta kama. Ta girgiza teburin har ruwan Anayo ya zube. Fitilar ba ta ko ƙifta ba.

Ranar Litinin Ummi ta rufe kanta a ɗaki. Ni na ɗauki carbi na zauna a baranda. Gwajin bai yi nisa ba sai na ga gabas ta fara duhu. Na ajiye carbin. In na sa ta cire waya, gwaji ya lalace. In na bari kuma, na ga abin da tsawa ke yi. Ana haka wayata ta yi ƙara, Maman Gift ce.

"Mama, masu shigowa shago suna cewa akwai hadari. Ni nan ba na ganin komai. Yaya sama take a wajenku?"

Na fita tsakar gida na tsaya. Ba wani ilimi ba ne, zaman gida ne kawai. Ganyen mangwaronmu bai juya ba, iskar da ke zuwa babu sanyi a cikinta, duhun kuma yana karkata wajen cikin gari. Na ce mata, Allah ne masani, amma ina ganin ba namu ba ne, ku ne za ku sha shi. Ta ce, "To a bar ta ta ci gaba. In iska ta juya, kada ki jira ni."

Ban koma na zauna ba. Ina nan tsaye ina kallon sama ina salati har Ummi ta buɗe ƙofa ta ce ta gama, bai yanke ba. Ko ɗigo bai sauka a Gwallameji ba. Kafin la'asar saƙo ya shigo cewa sun ɗauke ta. Ta rungume ni, abin da ta daina tun tana ƙarama. Alhamdulillahi, har yau tana aikin, kuma ta koma zuwa biki.

Da yamma Maman Gift ta dawo, zanenta a jiƙe har gwiwa, ruwan Wunti ya same ta. Ko gida ba ta shiga ba ta biyo ta wurinmu. Ummi na ta godiya, Maman Gift ta ce ta rufa mata baki ta kawo mata ruwan zafi. Sannan ta zaro mabuɗi daga jakarta ta sa mini a tafin hannu.

"Mama, ina da roƙo. Ni da Baban Gift wuni muke a waje, yara na makaranta, shagona kuma kin gan shi, ko rana ce ta faɗo ba zan sani ba. Ga mabuɗin falona. In kin ga hadarin da yake namu ne, ki cire ta Ummi, ki shiga ki cire duk wayoyin da ke bayan akwatina. Kada ki yi sallama, kada ki kira ni neman izini. Ki riƙa duba mana sama, gida biyun nan."