Fim Ɗin Mai Jar Laima

Ban taɓa shiga sinima ba, har yau. A zamaninmu matar aure ba ta zuwa, wadda ta je kuwa an gama da sunanta a gari. Amma na san finafinan Indiya sun fi ashirin, domin mijina yana kawo mini su a baki.

Tela ne a Bungudu. Ni daga Tsafe aka kai ni. Ya gan ni a bikin wata 'yar'uwata, na gan shi, muka so juna, aka yi aure. Kowace Alhamis yakan hau kekensa ya tafi Gusau sayen zare da maɓallai da yadi, ya shiga sinima, ya kwana wurin wani abokin sana'arsa, ya dawo da hantsi ranar Juma'a. Idan an sauko daga masallaci sai ya jawo tabarma gindin darbejiyar tsakar gida. Ni ina ɓarar gyaɗa, shi yana ba ni fim. Ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya. Ya ce ba sai an ji ba, fuska ake kallo. Idan ya zo inda aka yi waƙa sai ya ce, nan suka yi waƙa, ya wuce. Na taɓa cewa ya rera mini, ya ce keken ɗinkinsa ya fi shi murya.

Bayan an daina sule an koma naira, a shekarar da ruwa ya ƙi, na haihu. Namiji, ɗan fari. Na yi masa kunya yadda ake yi. Ban kira sunansa ba, ban yi masa wasa gaban mutane ba. Idan ya yi kuka surukata na kusa, sai in yi kamar ban ji ba, har ita ta ce in tashi in ba shi nono. Ubansa ma haka. Ban taɓa ganin ya ɗauke shi ba. Yakan wuce shi a tabarma kamar ɗan maƙwabta.

Yana wata goma sha ɗaya ƙyanda ta shigo unguwa. Ta kama shi, kwana shida ya yi. Aka kai shi makwancinsa da safe. Ban yi kuka ba. Surukata ta riƙa nuna ni ga masu gaisuwa tana cewa ga mai kunya, ga mai haƙuri. Na karɓi yabon. Nono ya yi ta zuba, na ɗaure ƙirjina da zane har ya kafe.

Daga nan magana ta ƙare a gidanmu. Ina kwana, ga tuwo, a dawo lafiya. Bai taɓa ambatar yaron ba, ni ma haka. Na ɗauka ya manta, tunda dama bai riƙe shi ba. Abin da ya rage tsakaninmu shi ne fim ɗin Juma'a. Ranar kaɗai nake jin muryarsa ta yi tsawo, ranar kaɗai yake duban fuskata. Da shi na rayu wajen wata biyar.

Wata Juma'a ya kawo wanda mutane suke ce wa mai jar laima. Ya ce saurayi da budurwa sun haɗu cikin ruwan sama, ya rufe ta da jar laima, suka yi aure. Wata rana ta je kogi, santsi ya kwashe ta, kanta ya bugi dutse. Ta farfaɗo ba ta san mijinta ba. Iyayenta suka ɗauke ta. Shi kuwa kullum sai ya je ƙofar gidansu ya tsaya da laimar, ko da ruwa ko babu, mutane na yi masa dariya. Har ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ta leƙo ta taga, ta gan shi, ta tuna. Na ji daɗin labarin. Mako na gaba ya ce shi aka sake nunawa, ya sake ba ni. Wannan karon rijiya ta faɗa, ba kogi ba. Na lura da hakan.

Maƙwabciyata ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta direban babbar mota ne, shi ma ɗan sinima. Muna daka a gidanta na soma ba ta labarin mai jar laima. Ta tsayar da taɓarya.

"Wane kogi? Ke, ko naki maigidan wata sinimar ya shiga?"

Ta ce mijinta ya kalle shi sau biyu, babu kogi babu rijiya. Ɗa suka haifa, zazzaɓi ya kama shi, ya mutu a hannun uwar. Shi ya taɓa mata hankali har ta daina gane mijin. Laimar ma ba a ƙofar gida ta ƙare ba. Ta ba ni shi duka, har ƙarshe. Sai da ta gama ta tuna da wa take magana, ta ce in yafe mata, bakinta ne. Na ce ba komai, muka ci gaba da daka.

Na koma gida na zauna. Lissafina ɗaya ne. Mutum biyu sun shiga ɗaki ɗaya, sun kalli bango ɗaya, ba za su fito da labari biyu ba. Ɗaya bai shiga ba. Idan nawa ne bai shiga ba, to ina yake kwana ranar Alhamis? Wannan ma bai dame ni kamar ɗayan ba. Idan wannan fim ƙarya ne, sauran fa? Abu ɗaya ya rage mini a gidan nan, shi ma ashe ɗinka shi ake yi a hanya.

Ban tambaye shi ba. Ni ba mai tambaya ba ce. Sai aka aiko ƙanwata ta haihu a Tsafe, ya sa ni a mota in je suna. A Gusau ake sauya mota. Na sauka, na tambayi wata mai sayar da ƙosai inda sinima take, ta dube ni sama da ƙasa kafin ta nuna mini. Da rana tsaka ne, ƙofa a kulle. Na ja mayafi na tsaya tsallaken titi. Hotuna uku ne a bango. Ban iya karatu ba, amma na san jar laima. Ga namijin riƙe da ita, ga macen da ɗigo a goshi. A hannunta jariri ne naɗe cikin farin zane.

Aka yi suna aka watse, ban koma ba. Inna ta tambaye ni ko ya buge ni, na ce a'a. Ko ya hana ni abinci, na ce a'a. Na ce ƙarya ya yi mini a kan fim. Ta ce mutane na cin dusa a ƙauye saboda yunwa, ni kuma na bar gidan da ake tuwo sau biyu saboda Indiyawa. Baba ya aika wa mijina.

Ranar kwana na tara ya zo. Bai turo manya biko ba, shi kaɗai ya zo, bayan la'asar. Baba ya bar mu a zaure ya koma ƙofar gida. Muka gaisa kamar baƙi. Ya tambaye ni abin da ya yi. Na ce na ga hoton a bango.

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Da yaro a ciki," ya ce.

"Na sani. Ina kake zuwa?"

"Sinima nake zuwa."

Ya ce ya biya kuɗinsa ya zauna, ya ga ruwan sama, ya ga laimar, ya ga auren da haihuwar. Da aka nuno yaron kwance uwar tana shafa masa ruwa a goshi, sai ya tashi ya fita. Ya zauna wajen mai shayi har aka tashi. Mako na biyu ya koma don ya ga ƙarshen, aka zo wurin, ya sake fita. Sauran labarin a kan keke ya haɗa shi, tsakanin Gusau da Bungudu, don kada ya iso hannu wofi. Ya ce ya san ina jiran Juma'a.

Na ce masa mene ne nasa na fita, shi da bai taɓa ɗaukar yaron ba.

"Ina ɗaukarsa," ya ce. "Idan kin shiga wanka. In sa shi nan." Ya dafa kafaɗarsa ta hagu. "Yana cizon wuyan rigata. Da na ji kin zubar da ruwa sai in aje shi."

Ni na sha ganin wuyan rigunansa a jiƙe lokacin wanki, na ɗauka gumi ne.

A zauren nan na faɗi sunan yaron, sau ɗaya, da bakina. Ba zan faɗe shi nan ba. Kukan da ban yi ba a Bungudu na yi shi a Tsafe, ba da ƙarfi ba. Shi ma ya juya fuska ga bango. Baba yana jin mu daga waje, bai shigo ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.

Da muka natsa sai ya tambaye ni, wai yaya fim ɗin ya ƙare. Ni da ban taɓa shiga sinima ba, ni na ba shi. Na ce mijin ya gaji da jira, ya kama hannunta ya kai ta kabarin, ya kafa laimar a kai don ruwa. Nan ta tuna da yaron, ta tuna da shi. Na ce nan suka yi waƙa. Ya yi ɗan murmushi, ya ce wa ya sani ko direban ma barci ya yi ya ƙarasa da kansa. Na ce wannan tsakaninsa da Yaya ne.

Washegari muka koma. A mota na gaya masa sharaɗina. Na ce daga yau idan ka fita daga fim, ka ce ka fita. Kada ka ƙara ɗinka mini ƙarshe.

Ya riƙe wannan har ya daina zuwa sinima. Mun haifi biyar bayan na farin, biyu sun rayu. Finafinan da ya kawo mini bayan haka, da yawa rabi ne. Yakan kai wani wuri ya ce, nan na fita. Ba na tambayar dalili. Sai in tura masa ƙwaryar gyaɗa, mu ɓare tare.