Ƙaramin Injin Wutsiya da Kunnen Maigidana

Ran da na fara tsorata, da la'asar ce. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa a nan Bodinga, na tarar da baban yara a tsakar gida, ya ba ƙofa baya yana wanke takalmin aikinsa. Na yi sallama, shiru. Na ɗaga murya na sake, shiru. Ni kuwa ba a taɓa yabona da haƙuri ba, har na shirya baƙar maganar da zan yaɓa masa, don na ɗauka fushin safe ne bai huce ba. Sai inuwata ta faɗa kan bahon, ya waiwayo da fara'arsa ya ce, "Yaushe kinka shigo? Babu ko sallama?"

Gabana ya faɗi. Na tsaya riƙe da jaka ina kallonsa.

Makanikin jirgin sama ne, a filin jirgin da ke tsakaninmu da Sakkwato. In an ji haka sai a ɗauka manyan injinan da ke rataye a fukafukai yake kwancewa. Yana taɓa su, amma abin da ya fi cin ransa wani ƙarami ne da ke ɓoye can cikin wutsiya, wanda fasinja ba ya ko sanin da shi. E-pi-yu suke ce masa a wurin aiki. Farkon aurenmu ya ce mini in ɗauke shi kamar janaretan gida. In jirgi ya sauka aka kashe manyan injina, shi ke ba da wuta, shi ke hura iskar sanyi don kada mutane su dahu a ciki. Batir ke tayar da shi, man jirgin yake sha, kuma idan za a tashi, iskar da ya matsa ita ke juya babban injin har ya kama. Na ce ashe ƙaramin ne ke tashin babba daga barci. Ya ce ai haka gidan kowa yake.

Yana son injin nan so mai ban haushi. Ko tuwo yake ci labarinsa yake. Yadda yake hawa tsani ya buɗe ƙofofin ƙarƙashin wutsiya ya duba ko man inji ya ragu. Yadda yake zare wata ƙusa mai maganaɗisu ya kalle ta a rana, in ya ga ɓurɓushin ƙarfe ya manne mata ya san wani abu na cin ɗan'uwansa a ciki. Yakan zura siririyar kyamara ya leƙa fukafukan ciki ko zafi ya tsaga su, ya share mashigar iska, don tsuntsaye ba su san abin gwamnati ba balle na kamfani. To amma in ya canja matatar mai, dole a kunna injin ya tsaya ƙarƙashinsa yana duban ko wani wuri na yoyo. Kuma duk lokacin da jirgi ke tsaye ana lodi, injin na kunne, shi yana gefensa.

Ban san ƙarar abin ba sai lokacin jigilar alhazai, da na raka gwaggona filin jirgi. Ko daga bayan shinge ji na yi kamar ana soka mini tsinke a kunne. Ba ruri ba ne irin na babbar mota, wani siririn ihu ne da ba ya tsayawa ya numfasa. Na hango shi kusa da wutsiya cikin rigarsa mai ƙyalli, ya sa marufin kunnen da aka ba su, na ji sanyi a raina.

Sai maniyyata suka fito a jere, aka raba su, wasu suka nufi matakalar baya. Jirgin ranar kuwa mutanen Shagari ne, garin su baban yara. Wani dattijo ya gane shi ya ɗaga hannu. Ina kallo baban yara ya zare marufin ya rataye a wuya, ya rusuna. In kin san gaisuwarmu kin san ba ta da gajere: gida, iyali, gajiya, daminar bana, jikin tsohuwa. Dattijon ya wuce, ya mai da marufin, wani ya iso, ya sake cirewa. Daga baya ma ya bar shi a wuya gaba ɗaya. Abin takaicin, ba mai jin wani a wurin. Baki kawai ke motsi, kowa na amsa abin da ya san za a tambaye shi. Na riƙe shingen nan ina kiransa kamar mahaukaciya, har gwaggo ta ja mayafina.

Da ya dawo ban bari ya sha ruwa ba. Na ce, "Kunnen aro gare ka? In wanga ya mutu wani za a ba ka?"

Ya ce, "To mi kike so in yi? Abokin babana shi miƙo man hannu in amsa mai da kunne toshe? Kahin jirgin shi kai Jidda labari ya kai ga Inna, a ce ɗanta ya samu aikin Turawa ya bar jin dattawa."

Inna ita ce mahaifiyarsa. Ita ta rene shi bayan rasuwar babansu, kuma duk Shagari an san ba ta da abin alfahari da ya wuce ladabinsa. Na ce ladabin da zai kurumta mutum ni ban ga amfaninsa ba. Ya yi dariya ya ce ɗan lokaci ne ai, gaisuwa nawa take. Ashe shekara da shekaru haka yake yi, ba ga alhazai kaɗai ba, ga duk wanda ya girme shi ya matso zai yi magana.

Daga nan tsoro ya tare a gidana. Rediyonsa ya koma damun maƙwabta. Wata rana da tsakar rana ya tambaye ni ina gyaren nan yake kuka, alhali babu gyare ko ɗaya. Autarmu ta yi masa magana sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, ko da cewa ta yi cikinta na ciwo. Kullum ya hau babur ya nufi aiki sai na bi shi da ido har kwana, ina tuna tirelolin hanyar nan da ba su da birki sai hon. A aji ina rubutu a allo, hankalina na kan motocin da ke ja da baya a gindin jirgi, waɗanda sai da kunne ake kauce musu. Wayata ta yi ƙara sai alli ya faɗi daga hannuna.

Da ƙyar da kuka na ja shi asibiti a Sakkwato. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ce ya danna maɓalli duk sanda ya ji sauti. Ina hangensa ta gilashi ya zauna a natse yana jira, ma'aikaciyar tana ta murɗa na'urarta, shi kuwa yana jira. Likita ya ce kunnen hagu ya yi nisa, na dama ya bi sahu. Siraran sautuka ke fara tafiya, muryar mata da ta yara, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Karin maganar nan ta wanda bai ji bari ba ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

Ya daina cire marufin. Sai ya dafa ƙirji ya rusuna daga nesa. Ƙorafi ya biyo baya kamar yadda ya faɗa, ni na tare shi kafin ya kai ga Inna, kuma ban yi da daɗin baki ba.

Bayan girbin bara aka kira mu da hantsi cewa jikin Inna ya tsananta. Muka shiga motar haya zuwa Shagari. Mun same ta kwance a kan tabarma, ta rame, muryarta ta koma zare. Ta gan shi ta motsa yatsu, ya durƙusa a gabanta. Ta fara magana. Ya matso, ya juya mata kunnen dama, ya ƙara matsowa har kunnen ya taɓa leɓenta. Ni da ke bakin ƙofa na ji kowace kalma. Shi kuwa ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Mi tac ce?"

Ɗakin cike da ƙannensa da matansu. Maganar da uwa ta raɗa wa ɗanta, ni na ɗaga murya na faɗe ta kamar mai kiran sunayen ɗalibai. "Ta ce ta yahe maka duniya da lahira. Ta ce tun da ta haihe ka ba wanda yat taɓa kawo mata ƙararka."

Ya koma ya sa kunnen a bakinta. "Inna, sake hwaɗi. Don Allah sake hwaɗi, in jiya da kaina."

Ta sake. Na ga leɓenta sun motsa, na ga ya rufe ido ya ɗauke numfashi don kada ko shi ya tare masa. Kafin azahar ta cika.

Muka kamo hanyar dawowa a mota har muka kusa Bodinga. Ya sunkuyo ya tambaye ni ko na biyun ma abin da ta ce ke nan. Na ce shi ne. Ya ce shi ɗumin numfashinta kawai ya ji.