Sifirin ɗin agogon surukina

Ni ɗan kasuwa ne, ba mai gyaran agogo ba. Lokacin da na kafa teburina a kusa da Bata, agogunan batir nake sayarwa, iyakar gyarana in canza batir ko in ƙara wa maɗauri huji. Amma mutane in suka ga 'yar sukundireba a hannunka sai su ɗauka ka gama sani.

Haka surukina ya ɗauka. Tsohon malamin makaranta ne a Kwaciri, ba ya yawan magana. Na je gaishe shi, ina durƙushe a zaure, sai ya kwance agogonsa ya ajiye a gabana. Irin wanda ake murɗawa a yi masa wani kowace safiya ne, kuma ya girme ni.

"Tsayawa yake yi. An ce kai gwani ne."

"To, Baba," na ce. Wa zai dubi surukinsa ya ce bai iya ba?

Da na koma gida matata ta ce, "In ka lalata shi, kai za ka faɗa masa da bakinka. Ni ba ruwana."

Na buɗe shi a kan tabarma. A ciki akwai wata 'yar ganga da ba ta kai maɓallin riga ba, sifirin, wani siririn ƙarfe, na naɗe a cikinta, shi ke riƙe ƙarfin wanin. Tsohon mai ya daskare a jikinsa. Na sa hantsaki na ɗan ja, sai ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnena. A bayan buhun shinkafa muka same shi, ya warware, dogo, ya fi tafin hannuna nesa ba kusa ba. Na dube shi, na dubi gangar, na kasa yarda daga nan ya fito.

Na naɗe komai a hankici na nufi Sabon Gari, wurin wani dattijo Bayarabe mai sayar da kayan agogo. Niyyata ya mayar mini kawai. Ya ɗaga hannayensa, suna rawa.

"Waɗannan sun yi ritaya, ɗana. Naka za su yi. Kana da gidan sauro?"

"Akwai, Baba."

"Shiga ciki ka yi aikin. In ya gudu, ba zai yi nisa ba. Fara da bakin waje, ka danne da babban yatsa, ka bi da shi zagaye a hankali."

Da tsakar rana na ɗaura gidan sauro na shige da faranti. Matata ta leƙo.

"Zazzaɓi ne, ko Baba kake ɓuyar wa?"

Na wanke sifirin, na shafa masa mai kaɗan, na fara cusawa. Ya kuɓuce ya daki ragar ya faɗo cinyata. Ya sake. Gumi na ɗiga daga haɓata har sai da sifirin ya kwanta luf a gangar.

Na haɗa, na murɗa, sai na ji sakayau, ba ya cizawa. Ashe a juye na sa shi. Sandar tsakiya tana da 'yar ƙugiya da ke kama bakin sifirin, ni kuwa na juya mata baya. Na fito da shi na sake daga farko, wannan karon ta ɗaya hannun. Da na murɗa sai na ji nauyi a yatsuna, ɗan kaɗan, sannan 'yar ƙafa mai lilo da ke sa agogon bugawa ta motsa.

Na riƙe shi kwana biyu ina gwada shi da wayata kafin na mayar. Baba ya kara shi a kunne, ya daɗe yana saurare, sannan ya ɗaura.

"Allah ya yi albarka," ya ce. Ya shiga tambayata kasuwa, amma rabin hankalinsa na kan tsintsiyar hannunsa.