Gyaɗa ta Uku

Ku matso, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku. Ni ban yi karatu ba, amma abin da idona ya gani a Zuru shi zan faɗa, yadda ya faru.

Mun tashi da asuba daga Kanya, ni da ma'aikaciyar asibitin garinmu da wata Bafulatana mai tallar nono. Na bar maigidana kwance. Tsohon soja ne, fartanya ta sare shi a ƙafa tun farkon damina, ciwon ya zama gyambo. An ba shi ƙwayoyi, ni ke ba shi da hannuna, amma ƙafar kullum sai ƙara kumbura take. An ce in ta wuce haka sai Birnin Kebbi, kuma kowa ya san abin da ake yi wa irin wannan ƙafa a can. Da ma'aikaciyar ta ce ana neman tsofaffin da ba su yi boko ba su je su saurari wata takardar magani, na ce da ni, ko na sami likitan da zan tambaya.

Babur muka hau zuwa Ribah. Hanya duk laka, dawa dama da hagu ta fi mutum tsayi. Mai babur ya ce, "Kaka, riƙe ni da kyau, ba zan gaya wa Baba soja ba." Na ce, "Tuƙa, ɗan nema, ubanka ma na goya shi." A Ribah muka sha kunu da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwan zabuwa, kuɗin mota kuwa ya yi ƙiba. Muka wuce shingen sojoji, duwatsun Zuru suka fito kore shar, hantsi ya yi muna cikin gari.

Aka kai mu wani ɗaki bayan asibiti. A nan na ga aikin da ban taɓa sanin ana yi ba. Takardar ba ta kai tafin hannuna ba, amma mutum uku ne a kanta. Wata budurwa ce ta juya ta daga Turanci zuwa Hausa. Wani tsohon malamin makaranta an ajiye shi a wani ɗaki dabam, ba a bari ya ga Turancin ba; Hausar budurwar aka miƙa masa, ya mayar da ita Turanci. Sai likita ya jera Turancin farko da na malam, yana bi layi-layi da yatsa. Inda suka saɓa, a tsaya, a yi ta magana sai an gano inda aka kauce. Na ce a raina, ko garin biki ba a tankaɗe shi haka.

Sannan aka zo kanmu. Aka zuba mini ɗanyar gyaɗa a hannu, budurwar ta ce, "Kaka, ɗauka wannan magani ne. Zan karanta, ki nuna mana yadda za ki sha daga wayewar gari zuwa kwanciya." Ta karanta: a sha ƙwaya ɗaya bayan kowane cin abinci. Na ce ai wannan na san shi, haka aka faɗa mini a kan na maigida. Na ci gyaɗa ɗaya, na ce ga ta ɗumamen safe. Na ci ta biyu, na ce ga ta tuwon dare. Na ce shi ke nan, sauran gyaɗar na hannuna.

Likita ya ce, "Ta rana fa, Kaka?"

Na ce, "Ɗana, wa ke hura wuta da rana ana tsakiyar noma? Muna gona."

Bafulatana ta ce su ma haka suke, fura da safe, tuwo da dare.

Likita ya ajiye alƙalami. Na ce, "Ashe uku ne?" Ya ce uku ne. Sai na gane ashe sau biyu nake ba maigida nasa. Ma'aikaciyarmu, wadda ta ba ni maganin nasa, ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan farar rigarta.

Ba wanda ya tsawata wa wani. Budurwar ta ja layi a kan aikinta na kwana da kwanaki, ta ce a sake. Aka yi ta jayayya, har aka tsaya a kan sau uku: da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya, ko ba a yi girki ba a sa wani abu a ciki. Suka tambaye ni ko mu masu zuwa coci mun san azahar. Na ce ladan ba ya zaɓen kunne. Aka sake kora malam ɗakinsa, yana gunaguni: "Kun mai da ni amarya!" Aka sake jerawa. Aka shigo da wasu tsofaffi daga Dabai waɗanda ba su ji komai ba, aka karanta musu, kowace ta ci gyaɗa uku. Sai a lokacin likita ya sa hannu, rana ta yi sanyi. Layi ɗaya tak ya cinye wa masu ilimi uku yini guda.

Kafin mu fita likita ya ce mini kada in ƙara wa maigida komai da kaina, in kawo shi. Na kwana wurin ɗiyata, gari ya waye na koma Kanya, kashegari muka dawo da shi. Aka wanke ƙafar, aka ba shi sabon magani.

Abin da na koyo, magana kamar iri ce: ba a yabonta a cikin rumbu, sai an ga yadda ta fito a gonar wani.

Budurwar tana can, an ce yanzu da Dakarci, yaren mutanen Zuru, suke yi, ita da malam da ɗakinsa. Ma'aikaciyarmu ba ta sake miƙa wa kowa magani ba sai ta tambaye shi sau nawa ake cin abinci a gidansu. Bafulatana ta kai labarin rugage. Maigida kuwa, da ƙafarsa biyu ya je yankan dawa, yana ɗingishi yana faɗa da kowa. Gyaɗa ta uku, wadda ban ci ba, na ƙulle ta a bakin zane, na shuka ta a ƙofar ɗakinsa. Ta yi 'ya'ya.