Shekarar da Tattasaina Ya Bushe

Ranar wata Laraba, a shekarar da na shiga aji huɗu, ambaliya ba ta daɗe da janyewa daga fadamar ƙauyenmu da ke gabas da Haɗejiya ba, aka tara manoman rani a filin makarantarmu domin su zaɓi shugaban ƙungiya. An samo wa ƙungiyar injinan ban ruwa, kuma shugaba ne zai faɗi wanda za a ba. Ƙato bayan ƙato aka yi. Mutanen unguwar Tudu suka jeru a bayan Malam Hudu, mu na Gangare manyanmu suka jeru a bayan babanmu, mu yara muna leƙe ta tagogin aji, malami yana ta zare mana ido a banza. Da aka ƙirga, sai layin Malam Hudu ya ɗara namu da ratar da ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba, ita ma don wasu namu sun tafi kai kifi kasuwa, wani tsoho kuma ya zagaya bayan makaranta.

A shekarar ce Baba ya yanka mini fangalina na kaina a gefen gonarsa. Ni na kafce shi, ni na kwaso takin awaki a kwando, ni na dasa tattasai a ciki, kuma kullum aka tashi daga makaranta can nake zarcewa ko kayan makaranta ban cire ba. Na riga na cika wa abokaina baki har sun gaji da ni. Abin da nake jira kawai ranar da inji zai iso gonarmu.

Bai iso ba. Malam Hudu ya kwashe injinan kaf ya raba wa mutanen layinsa, ga shi kuma ya haddace fuskar duk wanda ya tsaya a bayan babanmu. Da dattawa suka je roƙon ko ɗaya ne, sai ya gyara hula ya ce, "Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Da ku kuka ci, za ku ba mu?" Kusan rabin gari muke, amma aka mai da mu kamar ba mu zo filin ba. Muka koma jido da bokiti daga kogi, kafaɗata ta saɓule, ƙasa tana shanye ruwan tun ban juya ba. Ina jin kukan injinsu a gonar da ke maƙwabtaka da tamu, ruwa yana malala har kan hanya, tattasaina yana fure yana zubarwa. Ranar da na tumɓuke shi na yi kuka, kuma na tsani mutumin nan tsanar da ko yanzu ba ta gama fita daga raina ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu yara mun san wata hanyar. Idan ruwa ya janye, yaran Tudu da na Gangare tare muke kwarfe kududdufi da ƙorai, mu kama tarwaɗa da karfasa, mu kai wa kakata Hajja ta raba. Sai ta dubi yawan hannun da kowace unguwa ta kawo, ta kasa kifin daidai da haka. Masu yawa su ɗauki babban kashi, marasa yawa su ɗauki ƙarami. Gaskiya akwai ɓata lokaci, akwai musu, wani ya ce tarwaɗarsa ta fi ƙanƙanta, wani ya yi zuciya a lallashe shi, har a kira magariba ba a gama ba. Hajja takan ce, "Wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

Da zaɓe ya sake zagayowa, babanmu ya ci. Na yi tsalle, na ɗauka yanzu za a ga adalci. Sai ga injinan duka sun gangaro Gangare, ko ɗaya ba a bar wa Tudu ba. Albasar Sani ɗan Malam Hudu, wanda muke zama benci ɗaya da shi, ta bushe yadda tattasaina ya bushe, ya daina yi mini magana. Hajja ta kira Baba zaure ta ce, "Ashe kai ma layin kawai ka rasa, ba halin ba." Duk da haka bai mayar da ko inji ɗaya ba.

Yanzu na girma, ina dangwala ƙuri'a, kuma duk zaɓe filin makarantar nan nake gani: wanda ya ɗara da kaɗan ya kwashe duka, sauran su koma gida su wasa wuƙar ramuwa. Na ji wasu ƙasashen suna raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un kowa. Masu kushe tsarin suna cewa yana kawo jinkiri da ja-in-ja, ba a san wanda za a kama da laifi ba, kuma ban ce ƙarya suke yi ba, don na ga musun gaban Hajja. Amma kududdufan nan ciyawar kacalla ta cinye su, Hajja ta rasu, ni da Sani har furfura gaisuwar hanya kawai muke yi. A gaban Hajja mukan yi dare, amma ba wanda ya taɓa komawa gida da ƙwarya wayam.