Lemon da Bai Taɓa Ƙasa Ba

Zalia mai lemo ta gaji da ganin irinsu a tashar Sokodé: 'yan ƙwallo masu tafiya gwaji Lomé da murna, su dawo shiru. Ga wani nan a kan benci, yana jiran motar komawa Dapaong. Siriri ne, bai wuce sha shida ba, silifa a ƙafarsa, takalman ƙwallo rataye a wuyansa. Na hagun ya fi cinyewa. Bahago ne ke nan. Allah kaɗai ya san dukan da hannunsa ya sha a bakin kwanon tuwo.

Wani babur ya gogi teburinta, lemo ɗaya ya gangaro. Yaron ko tashi bai yi ba, ƙafar hagunsa ta tare shi a iska, ta cillo shi cikin tafinsa. Sai kunya ta kama shi, don ya taɓa abinci da ƙafa, ta hagu kuma.

"Gafara, Inna," ya ce, yana miƙo shi da hannu biyu.

"Me suka ce maka can?"

"Wai in ƙara tsawo, in dawo baɗi."

Ta fere lemon, ta danƙa masa.

"Sha. Na bara ma haka aka ce musu."